Dan Allah a daina narka sulallan azurfa na zamanin Turawa

Assalamu alaikum Edita, ina maka fatan alheri kai da ma'aikatanka. Dan Allah a ban dan fili in yi magana kan wani abu da ya dade yana ci min tuwo a kwarya.

Bara da kakarmu ta rasu, Allah ya jikanta, muna kwashe kayan dakinta sai muka tarar da wani kulli a kasan adudu, sulalla ne da fataka wato sule biyu, sun yi baki-baki, gefe daya kan Sarki Joji na biyar daya gefen bishiyar kwakwar manja, akwai mai 1913 akwai mai 1916. Kafin in dawo daga tafiya wani dan uwanmu ya kai wa makerin fari an auna an narkar an yi zobba, guda biyu kacal na tsira da su, wallahi har yau in na tuna sai raina ya baci.

Jama'a wannan ba karfe bane kawai. A 1912 Turawan Ingila suka kafa hukumar kudi ta Afirka ta Yamma, kudin nan da su aka yi ciniki a Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya, da su iyayenmu suka biya haraji suka sayar da gyada suka biya sadaki. Kuma na azurfar daga 1913 ne zuwa 1920 kawai, daga nan aka koma buga na tagulla masu ja-ja din nan, shi yasa duk wanda aka narka ya tafi kenan ba mai kara buga shi. Masu tara tsoffin kudi a Turai shekara suke dubawa da dan harafin da ke nuna masana'antar da ta buga, mu kuma sikeli muke dorawa.

Rokona ga duk mai su a gida, kar ka goge su da toka ko lemon tsami dan su yi kyalli, gugar nan rage musu daraja take. Ka nade kowanne daban a takarda ka rubuta na waye. In kuma sayarwa ta kama dole, a fara tuntubar gidan tarihi irin Gidan Makama a Kano kafin a nufi makera.

Na gode.
Mai karatunku daga Zariya