Dan Allah a duba akwatin wutar gida kafin bazara ta kankama

Assalamu alaikum Malam Edita, ina yi maka fatan alheri kai da abokan aikinka. Dan Allah a ɗan sam min fili a wannan jarida tamu in ja hankalin magidanta da masu gidajen haya akan akwatin wutar nan da ke maƙale a bango, wato dibi, wanda a gidaje da yawa tunda aka tare ba wanda ya sake waiwayarsa sai ranar da ya fara hayaƙi.

Ni sana'ata wayarin ce, da ita nake riƙe da iyali, kuma duk mai wannan sana'ar a Kano zai faɗa maka daga watan Maris zuwa Mayu kira ba ya yankewa. Zafi ya haura digiri 40, kowa ya kunna abin da Allah ya hore masa, fanka, esi, firiza, injin jan ruwa, sai bireka, wato makunnin nan na cikin dibi da ke katse wuta da kansa, ya fara sauka. Kuma maganar da ake tarar mu da ita kusan kullum ɗaya ce, "Injiniya birekan nan ya yi ƙarami, cire shi ka sa mana babba." To wannan maganar ce ta sa na rubuto, dan wallahi tana cikin abubuwan da suke ƙona gidaje.

Jama'a su gane, ba dan esi ko firiji aka sa bireka ba, dan wayar da ke binne a bango aka sa shi. Kowace waya da iya abin da za ta ɗauka. Mai kauri 1.5 ta ƙwan fitila ce da fanka, birekanta amfiya 6 ne ko 10, amfiya kuwa shi ne ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya. Mai 2.5 ta soket ce. Esi kuma layinsa daban ake ja masa tun daga dibi, mu dai mun fi sa masa waya mai 4 da bireka mai 20, shi kaɗai ba a haɗa shi da kowa. Idan bireka ya sauka cewa yake yi kayan sun fi ƙarfin wayar. To in ka cire mai 10 ka ɗaura mai 32 ko 63 a kan wannan siririyar wayar me ka gyara? Ba abin da ka gyara, ka dai ɗora wa jaki kayan raƙumi ne, wutar za ta daina yankewa kam, Alhaji zai ce yaron nan ya iya aiki, amma wayar tana can cikin fayif ko saman silin tana ɗaukar zafi robarta tana narkewa a hankali kuma babu abin da zai katse ta. A tsofaffin gidaje masu fiyus abin ma ya fi muni, fiyus ya ƙone sai a murɗa jar waya mai kauri a cusa, har ƙusa na taɓa zarowa daga cikin fiyus.

Abin da ya sa bazara ta fi sauran lokuta hatsari ba yawan kaya ne kawai ba. Lissafin abin da waya za ta iya ɗauka an yi shi ne akan zafin waje na digiri 30, in zafin ya wuce haka ƙarfinta raguwa yake. Yanzu ka duba wayar da ke kwance tsakanin silin da kwanon rufi da ƙarfe biyun rana a watan Afrilu, wurin da mu kanmu in mun hau ba ma iya daɗewa. Shi ma birekan da zafi yake aiki, akwai wani ɗan ƙarfe a cikinsa da yake lanƙwashewa in ya ji zafi, shi ya sa zaka ga kayan da ya ɗauka lafiya lau lokacin hunturu yanzu yana saukar da su, balle in an kafa dibin a bangon da rana ke duka ko a kicin kusa da murhu.

Lissafin kaya kuma ba wani abu ne mai wuya ba, wutarmu a Najeriya bolt 230 ce, ka duba wat ɗin da aka rubuta a jikin kaya ka raba da 230 ka samu amfiya. Esi mai doki ɗaya da rabi yana jan wajen amfiya 5 zuwa 6 in yana tafiya, lokacin da kwamfuresa zai tashi kuwa yana ninka haka sai dai in irin na inbata ne. Dutsen guga da hita kowanne daga wat 1,000 yake zuwa 2,000. Soket ɗin bango amfiya 13 ne iyakarsa, wajen wat 3,000 kenan. Gidan da aka yi wa wayarin shekara ashirin ko talatin baya, lokacin da ƙwai ne da fankar sama da talabijin da ɗan firiji, yau an sa masa esi uku ba a ƙara ko taku ɗaya na waya ba.

Iyayenmu mata masu sana'ar ƙanƙara da zoɓo da kunun aya, Allah ya sa albarka, bazara kakarku ce, amma ku yi haƙuri da abin da zan faɗa. Na shiga wani gida na tarar da firiza biyu da firiji duk a jikin ekistenshan ɗaya na roba, an ja shi ta ƙarƙashin kafet, ramukansa sun yi baƙi, filogi ɗaya ya narke ya manne sai da na fasa shi da filaya, kuma an soka wani ma ba filogi, tsirarar waya aka tura aka danne da tsinken ashana. Na ce Hajiya wannan ai ba zai kai ku ƙarshen wata ba, ta ce "ɗan nan ai shekararsa biyu a haka." Kuma gaskiya ta faɗa, abin da ke ruɗar mutane kenan, roba ba rana ɗaya take mutuwa ba. Kowace firiza a ba ta soket ɗinta na bango, kuɗin bai kai na ƙanƙarar sati ɗaya ba a wannan lokacin.

Akwai wani abu kuma da mutane ba su lura da shi ba. Tun watan Afrilun 2024 da hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa ta ƙara wa 'yan Band A kuɗin wuta zuwa naira 225 kowane yunit akan za a ba su awa 20 a rana, kowa maganar kuɗin yake yi, ba wanda ke maganar wayarin. Ɗauke wutar nan da muke ta tsinewa ita ce take ba wa rubabbun wayoyi damar hucewa. Unguwar da wuta ta fara zama, esi ya kwana yana aiki ya wuni yana aiki, nan ne asirin wayarin yake tonuwa. Unguwar da wutar ba ta zama kuma nasu hatsarin daban, an ɗauke da yamma an bar guga da hita a jone an manta, a kawo ta ƙarfe biyun dare kowa na barci.

Sai lo karan. Da daddare kowa ya kunna kaya taransifoma ta yi nauyi wuta ta yi ƙasa, ƙwai ya yi ja, fanka tana juyawa da ƙyar. A irin wannan lokacin kwamfuresan firiji da na esi da injin ruwa ƙara jan wuta suke suna ɗumama, in ka ji firiji yana ƙugi ya kasa tashi ka kashe shi kawai. Sitabilaiza tana taimakon kayan amma fa ita ma daga wayar gidan take ƙara ja, ba daga sama take kawowa ba. Masu layi uku kuma a tabbatar an raba kaya daidai a kan ukun, sannan a duba nutural, wato wayar da layukan ukun ke tarayya a kanta wuta ta koma, da kyau, dan in ya saki ko ya ƙone wutar da za ta shiga wasu ɗakunan tana iya doshi bolt 400, talabijin da caja da firiji su tafi lokaci ɗaya.

To me za a duba? Shi maigida nasa ido ne da hanci. Ka kunna kayanka kamar yadda ka saba na ɗan lokaci, ka je ka taɓa murfin dibin da bayan hannu, in ka ji zafi sosai, ko warin ƙonanniyar roba, ko wata 'yar ƙara zzz, ko ka ga wani bireka ya canza kala, to kar ka jira. Amma dan girman Allah kar ka kwance murfin ciki da kanka, ko ka sauke babban bireka wayar da ta taho daga mita tana nan da wutarta, in akwai sola ma ga wata ta biyu. Mai gyara shi zai kashe ko'ina ya buɗe, ya kakkaɓe ƙurar hunturu, ya cire gidan zanzaro da mushen tsaka, ya bi kowane noti ya ɗaure, saboda notin da ya saki shi ne uban zafi a dibi, ya auna abin da kowane layi ke ja da mita, sannan ya rubuta a jiki wannan na falo ne wannan na kicin. Ya duba wayar at ɗin gidan ma, wato wadda ke haɗe da rodin da aka kafa a ƙasa, ƙasa in ta bushe a bazara rodin ba ya aiki kamar da damina, gidan da famfon banɗaki ke ɗan jan mutum kuwa ba abin dariya ba ne. In da hali a sa birekan nan mai kare mutum daga jan wuta, mai miliamfiya 30, yana da ɗan maɓallin gwaji a jiki da ake dannawa lokaci lokaci a ga ya sauka.

Janareta da inbata kuma sai da canjoba na gaske, wato makunnin da ke raba wutarsu da ta layin waje. Masu soka wayar janareta a soket su juya wa gida wuta ta baya, ku sani in an manta ba a raba da layin waje ba wutar tana fita har kan fol, tana iya kashe ma'aikacin da ya hau gyara yana ganin an ɗauke.

Mu ma masu sana'ar ba zan wanke mu ba. Akwai masu karɓar kuɗin jar waya su siyo ta alminiyon da aka shafa wa jan ƙarfe a sama, in ka kankare ta da wuƙa zaka ga fari a ciki, ga ta shafal ba nauyi, ba ta ɗaukar abin da ta gaske ke ɗauka. Akwai yaran da ko shekara ba su yi a gaban oga ba sun sayi testa sun zama injiniyoyi. Hukumar NEMSA mai duba ingancin aikin lantarki tana ba masu aikin wayarin takardar shaida, ba laifi ba ne ka tambayi mutum ya nuna maka tasa kafin ka damƙa masa gidan da 'ya'yanka ke kwana.

Masu gidajen haya kuma, ɗan haya ya ce zai sa esi kun ce ya sa, to a zauna a yi maganar wa zai biya kuɗin jan sabon layi tun kafin a huda bango, kar a bari ya jona a soket ɗin talabijin. In kuma tsautsayi ya gifta wuta ta kama a dibi ko soket, ba a watsa ruwa sai an katse wutar, a nemi yashi ko abin kashe gobara mai hoda, a fitar da yara, a kira 'yan kwana-kwana tun tana ƙarama.

Malam Edita in da hali ku tura wakilinku ofishin hukumar kashe gobara ta jiha ya samo mana alƙaluman gobarar da wutar lantarki ta haddasa wata bayan wata, ku buga mutane su gani da idonsu. Na gode, wassalam.

Naku, mai karatunku a kullum,
wani mai sana'ar wayarin daga Kano