Jan Hankali Ga Matafiya: A Beljiyam Har Cikin Tukunya Ake Zuba Giya

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu in ja hankalin 'yan'uwa masu shirin zuwa Turai, ɗalibai da 'yan kasuwa da ma'aikatan da ake turowa taro, kan wani abu da ba a cika gaya musu ba kafin su hau jirgi. Kowa yakan yi musu kashedi da naman alade, wannan kam an sani. Abin da ake mantawa shi ne giyar da ake dafa abinci da ita.

Ni ɗan Zariya ne, kuma girki ne sana'ata. A Brussels, babban birnin Beljiyam, na koyi aikin, yanzu kuma ni ke riƙe da kicin na wani ƙaramin gidan abinci da ba ma sayar da barasa. Daga bakin murhu na samo abin da zan faɗa.

Mutanen Beljiyam ba sa ɗaukar giya abin ɓoyo ko abin kunya. Gadonsu ce, har a shekarar 2016 hukumar UNESCO ta sanya al'adar giyar ƙasar cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa. Ban da manyan kamfanoni, akwai ɗaruruwan ƙananan masu haɗawa, kowa da irin tasa, har da sufayen cocin Katolika da ake kira Trappist, masu yin irin su Chimay da Orval da Westmalle da Rochefort a gidajen ibadarsu. Wasu daga cikin waɗannan sun ninka giyar gama-gari ƙarfi: ta yau da kullum tana da barasa wajen kashi 5 cikin 100, Westmalle Tripel kashi 9.5, Rochefort 10 kuwa ta haura kashi 11. Na kawo wannan ne don a gane cewa mai gidan abincin da ya zuba maka giya a miya ba cutarka ya yi niyya ba. Uwar gida a nan takan tsaya gaban kanta tana zaɓen giyar da za ta dace da namanta kamar yadda tamu take zaɓen daddawa a kasuwa. Ba ya ma zuwa ransu cewa abu ne da ya kamata a faɗa wa baƙo.

Abincin da ya fi kama mutanenmu shi ne wanda masu Faransanci ke kira carbonnade flamande, masu harshen Dach kuma stoofvlees. Naman sa ne tsantsa, babu alade a ido, ya dahu luɓus cikin miya mai duhu mai ƙamshin albasa. Duk ɗan Arewa da ya gan shi zai ce ga abin da zan ci hankali kwance. To ruwan da aka dafa naman nan da shi giya ce, kwalba guda ko biyu ga kilo ɗaya na nama. Ana soya naman da albasa, a tsiyaya baƙar giya har ta rufe shi, a ɗora yankan burodi da aka shafa wa mustad (wani kwaɓin shafawa mai ɗan yaji) a kai, a bar shi a ƙaramar wuta har burodin ya narke ya ɗaure miyar. Abin bai tsaya a manyan gidajen abinci ba. Rumfunan sayar da soyayyen dankali da ke kowace unguwa suna da wannan miyar, ana kwararawa a kan dankalin, kuma ɗalibin da aljihunsa bai yi nauyi ba can yake zuwa.

Akwai zomon da ake dafawa da giya mai tsami da ake kira gueuze, ko da kriek wadda ake yi da 'ya'yan ceri. Akwai cukun Chimay da ake wanke bayansa da giya yayin da yake nuna. In ka tsallaka Ingila, kifin nan da ake ci da dankali sau da yawa da giya ake kwaɓa fulawar da ake tsoma shi, haka kuma fanken nama da suke kira steak and ale pie. A Ailan suna farfesun nama da Guinness. A kudancin Jamus akwai kwaɗon cuku mai suna Obatzda, shi ma akan ɗiga masa giya.

In ka tambayi mai kawo abinci, yawanci zai ce maka kada ka damu, wuta ta ƙone barasar duka. Da zuciya ɗaya yake faɗa, don haka aka koya masa, amma maganar ba haka take ba. Ma'aikatar noma ta Amurka tana da jadawalin da masana abinci ke aiki da shi kan yawan barasar da ke saura bayan girki. Idan aka zuba ta cikin abinci ya yi minti 15 yana dahuwa, kashi 40 cikin 100 na nan. Bayan minti 30 saura kashi 35, bayan awa 1 saura kashi 25, kuma ko an kai awa 2 da rabi akwai sauran kashi 5. Wanda ake kunna wa wuta a faranti a gaban baƙo, harshen wuta ya tashi kowa ya yi tafi, shi ma ya fi waɗannan duka riƙewa, wajen kashi 75. Dalili kuwa shi ne barasa da ruwa sun riga sun gauraya, tare suke tashi a tururi sannu a hankali, kuma tukunyar da aka rufe tana mayar da tururin ciki. Gaskiya ne farantin miyar da ta daɗe a wuta ba zai bugar da kowa ba. Sai dai mu da aka karantar da mu hadisin cewa abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne, haƙƙinmu ne mu san abin da ke cikin farantin. Bayan haka hukunci na malamai ne.

Kada kuma a dogara da takardar da gidajen abinci ke nunawa ta abubuwan da jikin wasu ba ya so. Dokar Tarayyar Turai ta wajabta bayyana abubuwa 14, irin su gyaɗa da ƙwai da madara da alkama, kuma barasa ba ta cikinsu. Haka nan tambayar “halal ne?” ba ta wadatarwa, don da yawa abin da suka fahimta da ita shi ne babu alade, shi ke nan. Ka tambaya kai tsaye ko an sa giyar hatsi ko ta inabi a girkin, ka kuma sa ido a takardar abinci kan kalmomin bière da bier da ale da stout da vin. In mai kawo abincin ya yi jim, ka roƙe shi ya leƙa kicin ya tambayo. Mu masu girki ba ma jin haushin irin wannan tambaya, mun saba da ita daga mata masu juna biyu da waɗanda suka daina sha.

A kanti ma sai an lura. A Jamus da Beljiyam kwalbar da aka rubuta wa “babu barasa” doka ta yarda ta ƙunshi har kashi 0.5, shi ya sa masu tsantseni ke neman wadda aka rubuta wa 0.0. Akwai kuma wata mai zaƙi da suke kira tafelbier, wato ta teburin cin abinci, mai barasa kaɗan, wadda da ita gidaje da yawa ke dafa miyar da na ambata. Ita kuwa kriek ja ce, kwalbarta ɗauke da hoton 'ya'yan itace, wanda bai sani ba sai ya ɗauka lemo ne.

Inda na fi jin tsoro ga sabon zuwa shi ne shagunan 'yan Afirka, irin na unguwar Matonge a nan Brussels, don can mutum yake sakin jiki yana ganin ya zo gida. A nan har da giyar da aka shigo da ita daga ƙasarmu. Za ka tarar da Guinness ta Legas, mai barasa kashi 7.5, jere a firiji ɗaya da Malta Guinness da Maltina da Supermalt, kwalaben duk masu duhu. Su lemukan malt ba a bari su yi tsami da yis, don haka ba su zama giya ba, amma asalinsu ɗaya ne: hatsin da aka jiƙa ya yi tsiro, irin tsiron da iyayenmu mata ke sa wa kunun zaƙi. Kuma akwai hannun manomanmu a ciki, ko sun sani ko ba su sani ba. Tun 1962 Guinness ta kafa masana'antarta a Ikeja, sannan da gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanonin suka koma kan dawa da masara. Dawar da ake lodawa daga kasuwannin Arewa, wani ɓangarenta lemo yake zama, wani giya.

Ba na so in bar mai karatu da jerin hani kawai, don miyar nan tana da daɗi, kuma ana iya yin ta ba tare da giya ba. Abin da giyar ke bai wa nama abu huɗu ne: launi, ɗan zaƙi, ɗan tsami da ɗan ɗaci a ƙarshen harshe. Ga yadda nake yi a kicin ɗinmu. Kilo 1 na naman sa mai jijiya, na wuya ko na kafaɗa, a yanka manya-manya, a soya kaɗan-kaɗan a tukunya mai kauri har ya yi ja sosai, a kwashe. A cikin man nan a zuba manyan albasa 4, a rage wuta, a yi haƙuri da su har su yi laushi su koma ruwan ƙasa. Rabin daɗin yana wajen albasar nan, wanda ya yi gaggawa a nan ya ɓata girkin. Sai a mayar da naman, a zuba romo, da rabin kwalbar lemon malt, da tataccen ruwan tsamiya kamar rabin kofi, da cokali 2 na baƙin kofin sha (coffee) marar sukari don ɗacin. A jefa ganyen bay da tayim, a ɗora burodin mai mustad, a rufe a bar shi awa 2 da rabi a wuta ƙasa-ƙasa. Tsofaffin unguwarmu da suka tashi da ta asali sukan ce ɗacin tawa ya fi sauƙi, kuma sun yi gaskiya, amma suna dawowa su ci. Shi kuwa kifi, ruwa mai gas mai sanyi ƙarara da 'yar hodar kumbura fulawa (baking powder) suna sa fulawar ta kumbura ta yi ƙaras-ƙaras daidai yadda ake so.

Roƙona gare ka, ranka ya daɗe, shi ne jaridar nan ta nemi malamanmu su yi bayani filla-filla kan abin sha mai alamar 0.0 da mai 0.5, da abincin da aka dafa da barasa, domin matasanmu a nan suna ta jayayya a kai, kowa da abin da ya tsinto a intanet. Masu shirya wa ɗalibai tafiya su ma su sa wannan batu cikin nasihar da suke yi musu ta bankwana.

Na gode da ba ni wannan fili. Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naka mai karatu,
Wani Bazazzagi mai sana'ar girki,
Brussels, Beljiyam.