Gemu Ba Ya Hana Ilimi, Amma Dariya Tana Hanawa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Duk shekara idan 8 ga Satumba ta zagayo, ranar da duniya ta keɓe don yaƙi da jahilci, sai a taru a yi jawabai, a faɗi yawan azuzuwan da aka buɗe da yawan waɗanda suka yi rajista. Madalla da hakan. Abin da ban taɓa jin an faɗa ba shi ne mutum nawa suka rage a ajin bayan wata uku. Ni tsohon malamin firamare ne, kuma tun da na yi ritaya nake koyar da magidanta Turanci bayan sallar Isha'i a wata makaranta da ke unguwarmu a cikin birni. Na sha ganin aji ya cika maƙil a makon farko har ana aron benci, amma kafin a je ko'ina sai ka ƙirga waɗanda suka rage da yatsun hannu. In ka tambaya a ce maka kasuwa ce, ko gajiya, ko rashin wuta. Duk akwai su. Sai dai wanda ya zauna da mutanen nan ya san abin da ya fi korar babba daga aji shi ne tsoron kada girmansa ya zube a bainar jama'a.

Ni kaina na taɓa korar ɗalibi da bakina ban sani ba. A shekarata ta farko akwai wani dattijo a ajina, alaramma ne, ya rubuta Alƙur'ani da ka ba sau ɗaya ba. Abin da ya kawo shi bai taka kara ya karya ba: so yake ya riƙa karanta saƙon banki a wayarsa da takardar magani da kansa, ba sai ya miƙa wa yaro ya san sirrinsa ba. Wani dare na ce ya miƙe ya karanta jimlar da ke kan allo, yadda na saba yi wa 'yan aji huɗu. Ya miƙe, ya gyara zaman rigarsa, da ya zo kan kalmar "people" sai ya ce "fiful". Wasu samari biyu a baya suka tuntsure da dariya, ni kuma na ce, "A'a Malam, sake," har sau uku. Ya zauna, ya naɗe littafinsa ya sa a aljihu, bai ƙara cewa uffan ba. Washegari wurinsa babu kowa, haka jibi, haka gata.

Bayan mako guda na bi shi har zaurensa. Na tarar da shi a kan buzu, ɗalibai sun kewaye shi, sai na samu gefe na zauna ina jira. A nan na ga wani mai furfura, ya haura sittin, yana biya karatu yana tuntuɓe. Duk inda ya karkace, malam bai ce masa ya yi kuskure ba, sai dai ya maimaita kalmar daidai da murya ƙasa-ƙasa, shi kuma ya cafe ya wuce. Babu wanda ya ko ɗaga kai ya dube shi, kowa na kan nasa littafin. Da aka watse na ba shi haƙuri. Ya yi shiru ɗan jim, sannan ya ce, "Ba komai, Malam. Amma mu a nan ba ma tsayar da babba."

Wannan magana ita ta gyara mini aji, kuma ita ce dalilin wasiƙar nan. Mu Kanawa ba mu da buƙatar a zo daga wata ƙasa a nuna mana yadda ake zama da babba a koya masa abu, domin zaurukanmu sun yi ɗaruruwan shekaru suna yi. Hatta boko, da manya ya fara a garin nan. Lokacin da Baturen nan Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa a 1909, malamai ne masu karatun Larabci ya fara tarawa, kuma da Hausa aka koyar da su. A shekarun 1950 aka yi gangamin Yaƙi da Jahilci a duk faɗin Arewa, har Kano ta samu jaridarta mai suna Sodangi don waɗanda suka iya karatu su samu abin karantawa. A 1980 gwamnatin marigayi Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya ta jiha, wadda aikinta ya yi sunan da har UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ba ta lambar yabo. To me ya sa yau, da zarar an ce Turanci za a koya, sai mu jefar da duk wannan gado mu ɗauko salon ajin yara mu kifa wa magidanci?

Kuma wannan "fiful" da aka yi wa dariya ba alamar daƙiƙanci ba ce. Hausa ba ta raba sautin "p" da na "f", harafi ɗaya ne yake ɗauke da su, shi ya sa harshen Bahaushe yake musanya su. Ba mu da "v", ba mu da "th". Ba mu saba jera baƙaƙe biyu a farkon kalma ba tare da wasali a tsakani ba, dalilin da ya sa muka ce burodi, muka ce direba. Sannan rubutun Hausa kusan yadda ka ji haka za ka rubuta, shi kuwa Turanci haruffa 26 ne suke ɗauke da sautuka kusan 44, ka ga harafi a rubuce amma a ce ba a furta shi. Ranar da na zauna na bayyana wa ɗalibaina wannan da Hausa tsantsa, na sa kowa ya kara tafin hannunsa a gaban baki ya ji yadda iska ke fita da ƙarfi a "p", wani mai sayar da yadi a Kantin Kwari ya sauke ajiyar zuciya ya ce shekara ashirin yana zaton kansa ne ba ya ja.

Tun daga nan na daina tsayar da kowa. Sabuwar kalma tare muke faɗarta, murya ɗaya kamar a makarantar allo, sannan bibbiyu, kowa da na kusa da shi. Sai mutum ya ji ƙafarsa ta taka ƙasa kafin ya faɗa shi kaɗai, kuma a zaune. Na ajiye jan biro. Ba na kiran kowa da gundarin sunansa: Alhaji Alhaji ne, Malam Malam ne, wanda ya haife ni Baba ne, ko da yau ya fara riƙe fensir. In maigida da yaron shagonsa suka haɗu a aji ɗaya, ba na haɗa su tambaya da amsa, don na san yaron zai fi saurin kamawa, kuma gobe da safe shi zai buɗe wa maigidan shago. Dokar aji biyu ce kacal, kuma ɗaliban ne suka kafa ta da kansu: ba a dariyar kuskure, ba a ɗaukar kowa a waya.

Akwai malaman da ke hana Hausa a ajin manya, wai don harshe ya saba. Da yawanmu mun tuna lokacin da ake cin tarar yaro don ya yi Hausa a makaranta. Abin da wannan ya haifar shi ne yara masu shiru, kuma a wurin babba abin ya fi muni, domin shi zai ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, ya kama bakinsa har a tashi. Hausa ita ce tsanin da zai taka. Ɗan kasuwar Kwari ko Singa da yake ce maka bai san ko kalma ɗaya ba, ka ce ya lissafa abin da yake faɗa daga safe zuwa yamma: yadi, dozin, katan, kwantena, rasit, banki, mota, lamba. Kafin a tashi mun cika allo, sai in ce masa, "Alhaji, duk wannan Turanci ne, riga kawai muka sauya masa." Daga nan sai mu koma kan abin da ya kawo shi. Littafin 'yan aji ɗaya mai hoton ƙwallo da kyanwa ba na mai iyali goma ba ne. Ɗalibaina su suke kawo darasi a aljihunsu: takardar zuba kuɗi a banki, sakamakon jarrabawar yara, kwalin magani, saƙon WhatsApp daga wanda ake saro kaya a wurinsa a Sin ko Dubai.

Wasu abubuwan kuma ba su da alaƙa da harshe sam. Bencin 'yan firamare ba a yi shi don gwiwar ɗan shekara hamsin ba, gara tabarma. Fitila mai caji guda biyu tana ceton dare. Sai maganar ido, wadda ita ce ta fi ba ni tausayi. Yawanci in mutum ya haura arba'in ƙananan rubutu sun fara yi masa hazo, amma babba zai ƙi faɗa, sai ka ga yana nesanta takarda daga fuskarsa yana ƙanƙance ido. Na san mutum biyu da suka kusa barin karatu suna cewa ƙwaƙwalwa ta tsufa, ashe tabarau kawai suke buƙata.

Ɓangaren mata ƙanwata ce ta fi ni sani, ita take koyar da matan aure da hantsi bayan yara sun tafi makaranta. Ta ba ni labarin wata budurwa da aka turo ta taya ta aiki, ta ɗauko darasin gabatar da kai, ta tsare wata Hajiya sai ta faɗi sunan mijinta da na ɗanta na fari da Turanci. Hajiya ta sunkuyar da kai ta ja mayafi ta rufe baki, yarinya kuwa ta ɗauka ba ta gane tambayar ba ce, sai ƙara ɗaga murya take. Alhali ta gane sarai, alkunya ce, wadda kowace 'yar gidan Hausa ta tashi da ita. Ƙanwata ta warware abin cikin sauƙi, ta ce kowa ta rubuta a littafinta, tunda a fom ɗin asibiti ma rubutawa ake yi. A ajin nan mai goyo tana zuwa da goyonta, kuma wadda ta yi fashin sati biyu ba a tarbarta da "ina kika shiga", sai dai a tambaye ta ya mai jiki, a nuna mata inda aka tsaya.

Edita, ga roƙona gare ku 'yan jarida da gidajen rediyonmu. Abin da muke ginawa da dare, gari yana rushe shi da rana. Mutum ya yi ƙarfin hali ya jarraba jimla ɗaya a kasuwa, abokai su yi masa ca, "Kai, Bature ya iso!" Wani ya yi tuntuɓen harshe a taro, kafin magariba an yanko wurin an watsa a TikTok da Facebook ana sheƙa dariya. Ɗalibaina suna ganin waɗannan bidiyoyi, kuma kowannensu kansa yake gani a ciki. Ku daina ba irin wannan raha fili. Ku ware mana ko rubu'in shafi ne a mako, ko minti goma sha biyar a rediyo, na Turancin banki da asibiti da kasuwa, da bayani cikin Hausa. Sashen ilimin manya na Jami'ar Bayero yana da masana wannan fanni, ku gayyato su, ku haɗa su da malaman zaure a shiri ɗaya. Masu hali na unguwanni kuma, in ana rabon alheri a tuna da azuzuwan dare: tabarmi, fitilu, da likitan ido da zai zo ya duba ɗalibai ko sau ɗaya ne a shekara.

Shi kuwa alaramma ya dawo bayan sati biyu da zuwana zaurensa, kuma har yau yana zuwa. Shi ne ma yake zama kusa da duk sabon dattijon da ya shigo, yana nuna masa layi da ɗan yatsa.

Na gode da wannan fili. Allah Ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naka mai karatu a kullum,
Tsohon malamin firamare,
daga cikin birnin Kano.