Diyyar ma'aikacin da ya ji ciwo a bakin aiki ba alfarma ba ce

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu, Allah Ya ƙara basira da ƙwarin gwiwa. Dan Allah ka ɗan sam mini fili in yi magana kan wani abu da ya daɗe yana ci mini rai, wato yadda muke ɗaukar maganar ma'aikacin da ya ji ciwo a bakin aiki.

Inji ya cinye wa mutum yatsu, ko ya faɗo daga saman gini, ko mota ta kife da direban kamfani, sai kaji ana cewa ai oga mutumin kirki ne, shi ya biya kuɗin asibiti har ya aika wa iyalin da ɗan wani abu a ambulan. Sai a yi ta godiya ana sa albarka, shi kuma mai ciwon ya koma gida da hannu ɗaya, bayan 'yan watanni albashi ya tsaya cak, shikenan magana ta mutu. Ni ban ce kar a gode wa wanda ya kyautata ba. Amma abun da aka ba shi ɗin nan fa, a mafi yawan ƙasashen duniya haƙƙinsa ne da doka ta rubuta, kuma sau tari abun da ke cikin ambulan ɗin ko kusa bai kai abun da dokar ta ce a ba shi ba.

Kuma ba kyauta ma'aikata suka samu wannan haƙƙi ba, saye suka yi. A da can a Ingila da Amurka, idan ka ji rauni a wurin aiki sai ka kai mai kamfani kotu ka tabbatar da cewa sakacinsa ne ya jawo, shi kuma lauyoyinsa na da ƙofofi uku na zillewa. In aka gano kai ma da ɗan naka ganganci komai ƙanƙantarsa, ba ka da ko sisi. In abokin aikinka ne ya yi kuskuren, sai a ce ai ba mai kamfani ba ne, je ka nemi abokinka, wanda shi ma lebura ne irinka ba abun da zai iya ba ka. In kuma duk wannan bai yi ba sai a ce ai ka san aikin na da haɗari ka karɓa, da ka karɓi albashi ka yarda da duk abun da zai biyo baya kenan. Toh ina lebura mai karyayyen baya zai samu kuɗin lauya da shekarun da za a kwashe ana wannan ja-in-ja?

Jamus ce ta fara sauya abun a 1884 zamanin shugaban gwamnatinta Bismarck, aka yi dokar inshorar haɗarin aiki wadda masu kamfanoni ne ke zuba kuɗinta, ba wai dan yana tsananin son leburori ba fa, tsoron kar 'yan gurguzu su janye su ne ya fi damunsa, amma dai abun ya yi amfani. Ingila ta biyo baya a 1897. Na Amurka ne ma abun tausayi, jihar Niyok ta yi tata dokar a 1910, babbar kotun jihar ta soke ta ranar 24 ga Maris 1911 wai ta tauye haƙƙin masu dukiya, washegari 25 ga wata gobara ta tashi a masana'antar ɗinki ta Triangle a birnin Niyok ɗin, mutum 146 suka mutu, yawancinsu 'yan mata baƙin haure, wasu saboda an kulle ƙofar fita. A shekarar ne jihar Wiskonsin ta yi dokar da ta tsaya da ƙafarta, sauran jihohi suka dinga bi ɗaya bayan ɗaya har zuwa 1948.

Cinikin da aka ƙulla shine, ma'aikaci ya haƙura da maka ubangidansa a kotu, ya haƙura da maƙudan kuɗin da alƙali ka iya yanke masa na azaba da ƙuncin da ya shiga, shi kuma mai kamfani ya yarda za a biya ba tare da an tsaya tambayar laifin waye ba. Ko kai ka yi kuskure hannunka ya shiga inji, indai a bakin aiki ne, za a biya ka, sai dai irin wanda ya ji wa kansa ciwo da gangan, ko a wurare da dama wanda maye ne ya jawo masa. Kaga kenan ma'aikaci ya riga ya ajiye nasa kason tun kafin haɗari ya faru. Idan aka zo biya kuma aka ce masa alfarma ce, an ci shi sau biyu kenan.

Abun da wannan inshora ke ɗauka kusan iri ɗaya ne ko'ina, adadi ne ke bambanta. Kuɗin asibiti da magani da tiyata, har da ƙafar roba ko keken guragu in ta kama. Wani kaso na albashi muddin mutum na kwance bai iya aiki, a yawancin jihohin Amurka kashi biyu cikin uku ne na abun da yake samu a mako, da iyakar da ba a wucewa. Sai diyyar nakasa in gaɓa ta tafi ko ta daina aiki, sai koya wa mutum wata sana'a in ba zai iya komawa tsohon aikinsa ba, in kuma rai ya yi halinsa a ba da kuɗin jana'iza a dinga biyan mata da yara. A Najeriya dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ce ke aiki, hukumar NSITF ke riƙe da asusun, mai ɗaukar ma'aikata ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya duk wata, kuma dokar ta hana shi cire ko kwabo daga albashin ma'aikaci dan ya biya wannan kuɗi. Wanda ya nakasa gaba ɗaya ana biyansa kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata, haka ma matar da miji ya mutu a bakin aiki ya bar ta da yara biyu ko fiye. Har haɗarin da ya same ka a hanya tsakanin gida da wurin aiki yana ciki, wanda a Amurka galibi ba sa biya. Wani abun da na fi so mutane su riƙe shine, dokar ta ce duk yarjejeniyar da ma'aikaci ya sa wa hannu cewa ya yafe diyyarsa ba ta da wani tasiri, dan haka takardar nan da ake kawo wa mutum yana kan gadon asibiti a ce sa hannu ka karɓi wannan a bar magana, ba ta soke haƙƙinsa ba.

Sai dai akwai lokaci, kuma nan ne mutane ke faɗawa rami. A dokar ta 2010 ma'aikaci ko iyalinsa su sanar da mai kamfani cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto hukuma cikin kwana 7, neman diyyar kuma a shigar da shi cikin shekara guda. Mutum na zaune yana jiran oga ya cika alkawari, kunya ta hana shi tambaya, har lokaci ya ƙure.

Toh ɗayan ɓangaren fa, inshorar alhakin mai ɗaukar ma'aikata, wadda mutane ke haɗa ta da ta diyya kamar abu ɗaya ne? Ba ɗaya ba ne. Ta farko tana biyan ma'aikaci abun da doka ta ƙayyade ba ruwanta da mai laifi. Ta biyu kuwa tana tare wa mai kamfani ne idan an kai shi kotu ana zarginsa da sakaci ta hanyar da dokar diyya ba ta toshe ba, ita ke biyan lauyoyi da abun da alƙali ya yanke. A ce inji ya guntule wa ma'aikaci hannu, ya karɓi diyyarsa, ba zai iya ƙarar ubangidansa ba amma zai iya ƙarar kamfanin da ya ƙera injin, su kuma masu ƙera injin su ce ai mu da murfin kariya muka sayar, ubangidanka ne ya cire shi dan aiki ya yi sauri, sai su jawo shi cikin shari'ar ya biya nasa kason. Ko matar mai raunin ta shigar da tata ƙarar kan abun da ita ta rasa. A Amurka takarda ɗaya ce mai kashi biyu, kashin farko ba shi da iyakar kuɗi, duk abun da dokar jiha ta ce shi za a biya, kashi na biyu kuwa yana da iyaka, wanda aka saba farawa da shi shine dala 100,000 kan kowane haɗari, dala 100,000 kan kowane ma'aikaci in cuta ce, da dala 500,000 jimilla kan cututtuka, mai son ƙari ya ƙara kuɗi. Kuma ba ta tare wa wanda ya cutar da ma'aikacinsa da gangan, wannan shi da aljihunsa.

Birtaniya ta bi wata hanya daban wadda ni a ganina ta fi yi wa ma'aikaci adalci. Gwamnati na biyan alawus na nakasar aiki ba tare da neman mai laifi ba, kuma duk da haka ƙofar kotu a buɗe take in akwai sakaci, shi ya sa dokar 1969 ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata yin inshorar alhaki, yanzu mafi ƙaranci ta fam miliyan 5, wanda bai yi ba ana iya cin tararsa har fam 2,500 kan kowace rana da ya yi babu ita, kuma dole ya sa takardar shaidar inda ma'aikata za su gani. Wannan na ƙarshen ya burge ni wallahi, ma'aikaci ba sai ya yi ta raɓe-raɓe yana tambaya ba.

Abun da ambulan ba zai taɓa biya ba shine cutar da ke zuwa a hankali. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ILO ta ƙiyasta a 2023 cewa kusan mutum miliyan 3 ke mutuwa duk shekara sanadin aiki, kuma wajen miliyan 2.6 daga ciki cuta ce ta kashe su, haɗari kuwa wajen 330,000. Mai fasa dutse da ƙura ta cinye masa huhu, wanda ƙarar inji ta kurmantar, mai fesa maganin ƙwari ba takunkumi, wanda ya shaƙi ƙurar asbestas (wani ma'adini da ake sawa a kayan gini) da kansarta kan ɗauki shekara 20 zuwa 50 kafin ta bayyana, lokacin wataƙila kamfanin ya rushe, ogan ma ya rasu, wa za ka je wa godiya ko roƙo? In akwai asusu ko kamfanin inshora da aka yi rajista da shi, akwai inda za a dosa. In kirkin oga ne kawai jarinka, ya tafi da shi kabari.

Wanda ke son ganin yadda diyyar alfarma take, ya dubi Bangaladash. Ginin Rana Plaza mai masana'antun ɗinki ya rufta ranar 24 ga Afrilu 2013, ma'aikata sama da 1,100 suka mutu, ƙasar ba ta da asusun inshorar raunin aiki na ƙasa baki ɗaya, sai da aka buɗe gidauniya ana bin manyan kamfanonin tufafi na duniya da ke ɗinki a ginin ana roƙo ana matsa musu lamba, dala miliyan 30 da ake nema ba ta cika ba sai a 2015, marayu da guragu na zaune suna jira fiye da shekara biyu.

Ban ce tsarin ba shi da aibu ba. A ƙasashe da yawa kuɗin da kamfani ke biya na inshora yana hawa ne idan haɗari ya yi yawa a wurinsa, an yi haka ne dan ya gyara wurin aiki, amma wasu sai suka gano ɓoye haɗarin ya fi gyara araha, shi ya sa wani lokacin saurin da ake yi a kai mutum asibitin kuɗi a ce kar ka faɗa wa kowa ba tausayi ba ne zalla. Ga kuma dabarar nan ta kiran ma'aikaci ɗan kwangila ko na wucin gadi, mutum ya shekara biyar yana zuwa kullum da safe, ana ba shi umarni, yana sa rigar kamfani, ranar da ya karye sai a ce ai ba ma'aikacinmu ba ne, wani ejan ne ya kawo shi. Alhali dokar Najeriya ta 2010 ta ambaci na wucin gadi da mai koyon aiki har da mai aikin gida a cikin waɗanda ta rufa wa asiri. Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Su ma hukumomin da kamfanonin inshorar ba a raba su da jan ƙafa da neman takardu ba iyaka, mai ciwo ya gaji ya bari.

Su kuma ƙananan masu sana'a da ke ganin wannan kuɗi asara ce, ni ina ganin su ya fi wa amfani. Babban kamfani zai iya biyan diyyar rai daga aljihunsa ya wuce, amma mai ma'aikata goma haɗari ɗaya ya isa ya rufe shi ruf, a rasa aikin sauran taran ma.

Roƙona gare ka Malam Edita guda biyu ne. Idan wakilanku suka je ɗauko labarin gobara a masana'anta ko gini ya rufta kan leburori, kar su tsaya a mutum nawa suka mutu da wane babba ne ya zo jaje, su tambayi mai wurin ko ya yi wa ma'aikatan nan rajista, wace hukuma ko wane kamfanin inshora, ya nuna takarda, sannan bayan wata shida su koma su ji ko an biya iyalan. Na biyu, ku samo lauyan ƙwadago ko jami'in ƙungiyar ma'aikata ya yi mana bayani da Hausa a shafi guda, wace takarda ake cikewa, wane rahoton likita ake nema, ina ake kaiwa, kuma ina mutum zai ɗaukaka ƙara in an hana shi.

Na gode da wannan fili, a gaida sauran ma'aikata.

Naku,
Mai karanta jaridarku a kullum