Godiya ga ofishin kwamfuta na asibitinmu, musamman matashin da ya ɗaga wayata cikin dare

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Da gangan na rubuta wannan wasiƙa a fili. Zan iya leƙawa ofishinku in ce sannunku da aiki in wuce, amma ina so shugabannin asibiti su karanta, su san irin mutanen da ke zaune a ɗan ofishin nan na kusa da ɗakin ajiyar fayil.

Ni likitar hoto ce, wato mai karanta hotunan cikin jiki da na'urorin asibiti ke ɗauka. Tun da aka ba mu damar shiga ma'ajiyar hotunan asibiti daga gida ta VPN, dutin dare ya daina zame mini fargaba. Ga wanda bai sani ba, VPN killatacciyar hanya ce a cikin intanet tsakanin kwamfutarka da ta asibiti, duk abin da ya bi ta cikinta a kulle yake, ko wani ya tare shi ba zai iya karantawa ba. Kafin ka shiga sai ka sa suna da kalmar sirri, sannan ka ƙara lambobi shida da wata manhaja ke fitarwa a wayarka, waɗanda ke canzawa duk bayan daƙiƙa 30. Wata da watanni ina shiga lafiya lau.

Kwana huɗu da dawowata daga Umara, wajen ƙarfe ɗaya da rabi na dare, likitan sashen gaggawa ya kira ni. An kawo wani saurayi da ya faɗo daga babur, an yi masa hoton CT na kai, wato hoton da na'ura ke ɗaukar cikin jiki yanka-yanka, likitan tiyata yana jiran abin da zan ce. Na buɗe kwamfuta, na sa kalmar sirri, ta karɓa. Na sa lambobi shida, aka ce ba daidai ba. Na jira suka canza, na sake sawa a hankali ina karantawa da baki, aka sake ƙi. Bayan na uku sai na janye hannu, domin na san in kuskure ya yi yawa asusun zai rufe gaba ɗaya. Ga shi babu wuta, cajin kwamfutar ya yi ƙasa da rabi, maigida ya yi tafiya, yara uku suna barci. Na miƙe na ɗauki hijabi da makullin mota, na tsaya a tsakar ɗaki ina tunanin wa zan taso ya zauna da yaran, kuma minti nawa saurayin nan zai iya jira.

A nan idona ya faɗa kan 'yar takardar da kuka liƙa a bayan kwamfutar, mai lambar wayar taimako. Gaskiya ban sa rai ba ko kaɗan. A wurin da na yi aiki a da, irin wannan lamba ado ce kawai. Da rana ma sai ka yi ta kira har wayar ta gaji, in an ɗaga a ce ka rubuto takarda ta hannun shugaban sashe. Na taɓa yin mako biyu a can ba na iya shiga na'ura saboda wa'adin kalmar sirrina ya ƙare, mai sabuntawa kuma ya tafi hutu da makullin ofis a aljihu. Don haka na danna kiran ne kawai don kada in ce ban gwada ba.

Bugu biyu aka ɗaga. Muryar matashi ce, da alamar daga barci ya tashi, amma da sallama ya fara. Na yi masa bayani a gurguje, ina jin muryata tana rawa. Ya ce, “Hajiya, kwantar da hankalinki, karanta mini abin da allon ya rubuta daidai yadda yake.” Na karanta. Katina ya ƙare ana tsakiyar magana, kafin in nemo yadda zan yi sai ga kiransa ya shigo.

Akwai abin da na yi a daren nan da ya kamata in faɗa, domin a nan ne na ga mutuncin yaron. Na roƙe shi ya cire mini wannan mataki na lambobi na daren kawai, ko ya ba ni nasa asusun in shiga. Ya ce, “Ki yi haƙuri Hajiya, wannan ba zan iya ba. Amma ba zan ajiye wayar nan ba sai kin shiga.” Bai ɗaga murya ba, bai kuma yi mini wa'azi ba. A lokacin na ji zafin abin. Yanzu na san shi ne da gaskiya: rahoton da zan rubuta da sunana ya kamata ya fita, kuma ƙofar da aka buɗe wa mutum ɗaya don tausayi ba a san wanda zai biyo ta gobe ba. Ba mu manta da abin da ya sami asibitocin Ingila a watan Mayun 2017 ba, lokacin da harin wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ya kulle kwamfutoci har aka soke dubban ganin likita, aka riƙa karkatar da motocin ɗaukar marasa lafiya.

Ya tambaye ni ƙarfe nawa wayata take nunawa. Na faɗa, ya ce daidai da tasa. Ya ɗan yi shiru, sai ya ce, “Kin yi tafiya waje kwanan nan?” Na ce daga Umara nake. Ya ce in shiga saitin kwanan wata da lokaci in duba yankin da wayar take kai. Ai kuwa, Riyad. Ashe da muka sauka a Kano na ga agogon bai gyara kansa ba, sai na mayar da shi baya da awa biyu da hannuna, na bar yankin a kan Saudiyya. A fuska lokaci daidai yake, amma a lissafin wayar na jefa ta baya da awa biyu. Ya bayyana mini a taƙaice cewa manhajar da na'urar asibiti kowacce da agogon duniya take lissafa lambobin, in agogon ɗaya ya kauce ba za su taɓa haɗuwa ba. Na kunna saitin da wayar ke ɗaukar lokaci da kanta, na sa sababbin lambobi, sai ga ni a ciki. Bai katse ba sai da na ce masa hotunan sun buɗe. Jini ne ya taru tsakanin ƙashin kai da rigar ƙwaƙwalwa, aka shiga da saurayin tiyata kafin asuba.

Washegari sai ga sanarwa daga ofishinku a zauren ma'aikata, ana tuna wa duk wanda ya dawo daga Hajji ko Umara ko wata tafiya ya duba yankin lokacin wayarsa. Ba a ambaci sunana ba, ba a ce wata likita ta yi kaza ba. Wannan rufin asiri ya taɓa ni sosai.

Abin da ke damuna shi ne yadda irin wannan hali ya zama abin mamaki a wurinmu. A wurare da yawa, da zarar na'ura ta ƙi, sai a ɗauki hoton allon kwamfuta da waya a tura wa likita ta WhatsApp, da sunan majiyyaci da shekarunsa a jiki, hoton ya zauna a wayar mutum tare da hotunan biki da suna. Ban da tona asirin mara lafiya, wanda dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗauka da muhimmanci, irin wannan hoto ba ya karantuwa yadda ya kamata: an matse shi, ba za ka iya sauya haskensa ka bambance ƙashi da jini ba, kuma yanka biyar ko shida za a turo maka daga cikin ɗimbin yankan da na'urar ta ɗauka. Mutane ba don son ransu suke yin haka ba, sun saba ne da cewa in suka nemi taimako ba mai amsawa. Haka yake a banki, haka a ofisoshin biyan albashi da fansho, haka a kamfanonin waya. “Babu sabis.” “Oga ba ya nan.” “Dawo ranar Litinin.” Tsoho zai taso daga ƙauye da kuɗin mota na aro, a sallame shi da kalma biyu ba a ko ɗago kai an dube shi ba.

Roƙona ga hukumar asibiti guda biyu ne. Na samu labarin mutum ɗaya ne ke riƙe wayar dare har tsawon mako, a ƙara masa abokin karɓa-karɓa. Sannan a riƙa sa wa layin nan kati, domin daga baya na gane da wayarsa da kuɗinsa ya kira ni.

Ƙanena, ban rubuta sunanka ba saboda ban nemi izininka ba, amma ka san kanka. Allah ya saka maka da alheri, ya yi wa iyayenka albarka, ya jiɓinci al'amuranka kai da abokan aikinka.

Wassalam,
'Yar'uwarku daga sashen hoto.