Ruwan Fekam da butar shayina

Fekam, Landan

Mutumina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara. Yaya jikin Baba? Allah ya ƙara masa sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai sanyi da ya fara korar mu ɗaki tun la'asar.

Na ga hoton burtsatsen da kuka haƙa. Allah ya sanya alheri, ka huta da leƙen 'yan ga-ruwa da sassafe. Amma da na zo inda kake ƙorafin ruwan yana da zartsi, sabulu ba ya kumfa, wai mu na Turai mun more da ruwa garai-garai, dariya na yi har sai da mai ɗakina ta leƙo daga kicin. Tsaya ka ji labarin butata.

Satinmu uku da tarewa a gidan nan na buɗe butar lantarkin da muke dafa shayi, sai na ga gindinta ya yi wani farin ƙanzo kamar an shafa mata farar ƙasa. Na kankara da cokali, yana ɓarewa ɓawo-ɓawo. Shayin kuma in ya ɗan huce sai wata yana ta kwanta a samansa, tana manne wa bakin kofi. Ai fa sai hankalina ya tashi, na ce guba ake ɗura mana. Na kafa doka a gidan: ba mai ƙara shan ruwan famfo. Wata biyu cur ina sayo ruwan gora daga kanti, ina hawa da shi bene hawa uku. Ka ga ikon Allah, na baro Kano na zo Landan na zama ɗan ga-ruwa, ga shi ba ko kurar turawa.

Wata dattijuwa maƙwabciyarmu ce ta cece ni, ranar da ta tarar da ni a matakala ina haki. Ta ce alli ne kawai, shi take sha tun tana yarinya. Ashe ƙarƙashin ƙasar kudu maso gabashin Ingila alli ne shimfiɗe. Ruwan sama in ya ratsa shi sai ya narko da sinadarin kalsiyum, ya gangara cikin kogin Tems da na Li, inda ake ɗibar yawancin ruwan birnin. Matatar ruwa tana kawar da datti da ƙwayoyin cuta, amma allin yana nan narke, ido ba ya ganin sa sai an tafasa ruwan ya kwanta a gindin buta. A ma'auninsu, ruwan da allinsa ya wuce miligiram 200 a lita shi ake kira mai tauri, namu kuwa ya haura haka. Wani abokin aikina da ya zo daga Mancesta ya ce bai taɓa ganin ƙanzon nan ba sai a Landan, don su daga tafkunan arewa maso yamma ake jawo musu ruwa.

Maganin butar abin dariya ne. Lemon tsami biyu na matsa a ciki, na tafasa, na bar ta ta kwana. Da safe ta fito fes kamar daga kanti. Sauran ɗawainiyar ce ba ta ƙarewa: kan shawa yana toshewa, sabulu yana tafiya kamar ana cin sa, fatar yara ta yi kaushi sai da man kaɗe. Mai ɗakina kuwa da wake take rigima. Sai ya fi awa a wuta yana nan ƙiri-ƙiri, domin allin yana ƙara wa bayansa tauri. Da ta samo kanwa a shagunan 'yan Najeriya na nan unguwar, rigima ta mutu.

Abin da ya dace in ji tsoro, ashe ban ma san da shi ba. Gidajen da aka gina kafin 1970 da yawansu bututun dalma ne ke shigo musu da ruwa, kuma dalma ba ta da launi ba ta da ɗanɗano a ruwa. Ka tuna yadda gubarta ta hallaka yara a ƙauyukan Zamfara a 2010. Na duƙa ƙarƙashin wurin wanke-wanke na karce bututunmu da kwabo, kamar yadda aka koya mini: in dalma ce, inda ka karce sai ya yi ƙyalli kamar azurfa. Namu ja ya fito, na tagulla ne. Duk da haka kullum da asuba sai na saki famfo ya zuba na ɗan lokaci kafin in tara na sha, don ban san abin da ke binne a ƙasa ba.

Ran Asabar ɗin da ta wuce na je unguwar Soho na ga wani famfon tuƙa-tuƙa da aka kafa don tunawa, an cire masa hannu. A 1854 amai da gudawa ya kashe mutum fiye da 600 a wurin, har wani likita, John Snow, ya bi gida-gida ya gano rijiyar famfon unguwar ce tushen annobar. Daga baya aka tarar da ramin masai dab da ita. Abin da ya tsaya mini a rai, mutane son ruwan rijiyar suke yi saboda daɗinsa. Akwai wata mata da ta bar unguwar amma take sa a kai mata shi har gida, shi ne kuma ajalinta.

To, a hotonka na hango murfin shadda bai fi taku goma daga burtsatsen ba. Naku ne ko na maƙwabta? Ƙasar Kano ba alli ba ce irin ta nan, saboda haka zartsin naku yana iya zama daga ƙasa, yana kuma iya zama abin da ke tsiyaya daga shadda da kwata. Don Allah kada ka tsaya ɗanɗanawa da harshe. Ɗebi a gora mai tsabta ka kai ɗakin gwaji, ka ce a duba maka ƙwayoyin cuta da sinadarin naitiret, wanda kan tsiyayo daga shadda. Kafin sakamako ya fito a riƙa tafasa na sha, amma ka sani tafasawa ba ta fitar da naitiret, shi kuwa jarirai ya fi yi wa illa. Kada a dama wa auta komai da shi tukuna.

In an samu mai zuwa, a saƙo mana daddawa da yaji. Kanwa kam mun samu. Ka gaida Hajiya, ka ce ina neman addu'a, kuma ka turo mini hoton takardar gwajin da zarar ta fito.

Naka har kullum.