Ina kason masu buƙata ta musamman a aikin gwamnati?

Assalamu alaikum Edita. Don Allah a ba ni ɗan fili, abin nan ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ƙanena shan inna ta kama shi tun yana ɗan shekara uku, da keken hannu ya yi ta fama har ya gama HND a fannin akanta ya yi bautar ƙasa. Kwanaki muka ji ƙishin-ƙishin wata hukumar tarayya na ɗaukar ma'aikata, na ɗauko shi a adaidaita muka tafi, ofishin a saman bene yake kuma babu ta inda keke zai hau, sai ni da mai gadi muka cicciɓe shi yana rungume da fayil ɗinsa, wallahi kunyar da na gani a idonsa har yau tana damuna. Bayan duk wannan wani ma'aikaci ya ce mana ai an gama, rifilesmen aka yi, wato maye gurbin waɗanda suka bar aiki, takardun ofa ma an raba. Na ce ranka ya daɗe yaushe aka yi tallar? Ya ci gaba da latsa wayarsa.

To dokar masu buƙata ta musamman da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ce a ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na gurabe, ta kuma ba da shekara biyar a gyara gine-gine, wa'adin ya wuce tuni. Ita kuma Hukumar Raba Daidai da aka kafa a 1996 don tabbatar da kowace jiha ta samu kasonta a aikin gwamnatin tarayya, ƙa'idarta ce a tallata gurabe a jaridu biyu na ƙasa tsawon mako shida. Amma ita ɗin ce dai ke ba da izinin tsallake tallar, nan ɓarakar take, da zarar an samu wannan takarda shi kenan sai a raba silot tsakanin manya. A 2023 kwamitin Majalisar Wakilai na Yusuf Gagdi ya ji shaida da baki kan yadda ake sayar da aiki da miliyoyin naira, kowa ya gani a talabijin.

Mu kuma 'yan arewa mun tsaya a kan lissafin jiha nawa ta samu nawa, alhali kason jihar taka ɗan wani babba ne a Abuja ya cinye da takardar indijin, ƙauyen ma bai san hanyarsa ba.

Ni a ganina nauyin nan a wuyan shugaban kowace ma'aikata yake, shi ke sa hannu. Edita ku tura wakilanku su tambaye su jerin waɗanda suka ɗauka, jiha da ƙaramar hukuma, da guragu da makafi da kurame nawa ne a ciki. Ƙanena dai yana bakin kasuwa yana POS, kwalin yana cikin akwatin Inna.

Naku mai bibiya daga Gusau.